Ku Tambaya Mu Amsa: Dogayen sifiku na salo, wanne zan ɗauka?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon yawanci kan kayan sauti ne, to mun ware guda huɗu da suka shafi dogayen sifikun nan masu tsayuwa a ƙasa. Ta farkon ita ce mai nauyi don haka a kanta za mu daɗe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, unguwar Garin Malam. Na gama gyaran salo na, mita 4 ne bisa 5, an sa karo a ƙasa, bango siminti, sama kwano da silin. Na tara jika ɗari uku inaso in sayi dogayen sifiku guda biyu in sa gefen tele. Na ga wasu sababbi a Kasuwar Dole, kowace da manyan baki uku, ga fitilu suna walƙiya, ga Bluetooth, ampili ɗin a ciki yake, a kwali an rubuta 5000 W PMPO. Sannan wani abokina da ke zuwa Kano sari yace akwai na hannu ƙirar Yamaha, amma su sai an haɗa da ampili daban, a bayansu an rubuta 6 ohm, 89 dB, wat ɗin ma bai wuce ɗari da wani abu ba. Ni dai raina yafi kwanciya da mai 5000 ɗin tunda tafi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma abokin sai dariya yake min. Dan Allah wanne zan ɗauka? Ina jin kiɗa, ina kallon ƙwallo, da asuba kuma karatun Alƙur'ani.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a ginin. Abokin naka yana da dalilin dariyarsa, bari in nuna maka da idonka ba sai ka yarda da ni ba.

In ka koma shagon kace a juyo maka bayan sifikar mai 5000 ɗin, wajen da igiyar wuta ke shiga akwai 'yar takarda ko rubutu ƙanana da ke faɗin wutar da take sha daga bango. Karanta. In ka ga wat 60 ko 80 ko 100 to magana ta ƙare, domin abin da ke jan wat 80 daga kuran ba yadda za ai ya riƙa fitar da 5000, ai ba injin wuta ne a cikinta ba. Shi PMPO ɗin nan babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita wajen auna shi, kowane kamfani abinda ya ga dama yake bugawa a kwali. Wanda ake kamawa a riƙe shi ne RMS, wato ƙarfin da abu zai iya bayarwa ko ɗauka a jere ba na ƙiftawar ido ba. In mai shago bai iya nuna maka RMS ba, ka ɗauka lambar nan ado ce kawai.

Kuma ma wat ba shi ne abinda ya kamata ka fara dubawa ba. Lambar da abokinka ya karanto maka, 89 dB, ita ce mai magana. Ma'anarta in ka ba sifikar wat ɗaya tak, ka tsaya nisan mita ɗaya, ƙarar da za ka ji desibel 89 ce. Wat ɗaya fa. Alhali masana lafiyar kunne suna cewa desibel 85 in mutum ya yini awa 8 a cikinta kullum to kunne ya fara cutuwa. Ka bata wat 10 ta kai wajen 99, wannan kuma maƙwabcinka na bayan katanga sai ya san ka sayi kaya. Lissafin shi ne duk sanda ka ninka wat sau biyu desibel 3 kacal kake ƙarawa, kuma kafin kunne yaji kamar ƙara ta ninka sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat sau goma. Shi yasa tsakanin ampili mai wat 50 da mai 100 bambancin ɗan kaɗan ne, mutane suna zuba kuɗi a nan a banza. Haka kuma sifika mai 87 dB sai ta ci ninkin wat ɗin da mai 90 dB za ta ci kafin su yi ƙara ɗaya. Irin su Klipsch na Amurka, da Paul Klipsch ya kafa tun 1946, sunansu ya fito ne a nan, suna sa tiwitarsu, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, cikin ƙaho sai ƙaramin ampili ya ishe su, sai dai wasu kunnuwan suna jin sautinsu da kaifi.

Yanzu meye amfanin doguwar ma tukuna? Girman akwatin ne. Akwai wata ƙa'ida da masu ƙera sifika suka sani da sunan Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: abu uku ne, ƙaramin akwati, bas mai zurfi, da ƙara ba tare da cin wat da yawa ba, guda biyu kawai za ka samu, ukun basa haɗuwa. Doguwar sifika ta haƙura da ƙanƙanta ta ɗauki sauran biyun. To amma sai in akwatin na kirki ne. Ka lanƙwashe yatsa ka ƙwanƙwasa gefenta. In kaji "tuk" a toshe, katakon yana da kauri kuma an ƙarfafa shi daga ciki. In kaji tana amsawa kamar ka bugi ƙwarya, to akwatin zai riƙa rera tasa waƙar a kan wadda ka kunna. Ka ɗan ɗaga ta ma, doguwar sifikar da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya ba alheri bane. Sannan manyan baki ukun nan da suka burge ka, ka matso da kunne kusa da kowanne lokacin da take aiki, ka ɗan taɓa da yatsa a hankali, domin a cikin masu arha akan samu wanda aka liƙa don kwalliya, ba maganaɗisu ba waya. Akwai kuma wanda da gangan ake yinsa ba waya don ya taimaka wa bas, wannan halas ne, amma shi kamfanin kan faɗa.

Yawan baki ba shi ne kyau ba. Mai hanya biyu tana da tiwita ta siririn sauti da babba ta sauran, mai hanya uku an ƙara ta tsakiya wadda ke ɗaukar muryar mutum, a ciki kuma akwai ɗan allo mai raba wa kowace nata rabon. Mai hanya biyu da aka yi da kyau tafi mai hanya uku ta jabu. Kai da kace da asuba karatu kake ji, tsakiyar nan ita ce rayuwarka, a nan muryar mai karatu take, a nan mai sharhin ƙwallo yake, a nan kalangu da gurmi da algaita suke. Sifikun fitilu galibi an cika musu bas da tsitsi, wato siririn sauti, an bar tsakiya a rame, minti biyar na farko a shago sai kaji kamar duniya, bayan awa ɗaya a gida kai na ciwo.

Sai ɗakinka, wanda a gaskiya shi ne rabin sautin. Mita 4 bisa 5 zai ɗauki dogaye matsakaita, masu baki na santimita 16 ɗaya ko biyu a kowace, ba sai ka nemi masu baki kamar faranti ba. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, to tsakanin bango biyu masu nisan mita 4 akwai sautin da ke kai da komowa yana taruwa a wajen 43 Hz, wato bas mai girgiza sau 43 a daƙiƙa, na mita 5 kuma wajen 34 Hz, da ninkinsu. Shi ne kake zama a wani lungu kaji bas kamar zai fasa ƙirji, ka matsa taku biyu kaji ya ɓace. Kayi sa'a ma naka ba huɗu bisa huɗu bane, don wannan bangon duka suna taruwa ne a kan sauti ɗaya. Karo da siminti kuma suna mayar da sauti, ka tafa hannu a tsakiyar salon yanzu zaka ji amsa-kuwwa. Maganin ba tsada: kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, labule mai nauyi a taga, kujeru masu katifa, kantar littattafanka in kana da ita. Mutanen Birni masu tsofaffin ɗakunan ƙasa da kaurin bango da rufin azara, su kam sun huta da mafi yawan wannan, murya a irin ɗakin nan daɗinta daban ne. Kai kuma mai kwano da silin, in bas yayi yawa silin ɗin ne zai fara kakkarwa, sai ka zaci sifika ce ta lalace.

Ka duba ramin iskar nan da ke jikin akwatin, a gaba yake ko a baya. In a baya yake kar ka manna ta da bango, ka bar mata ko da santimita 30 zuwa 50, kuma kar ka cusa ta a kusurwa. In ka san matsi zai sa dole ka manna, nemi mai rami a gaba ko rufaffiya gaba ɗaya. Nisan da ke tsakanin sifikun biyu ya zama kusan daidai da nisan kowace zuwa inda kake zama, ka ɗan karkato fuskarsu gareka. In kayi daidai zaka ji muryar tana fitowa daga tsakiya, wajen tele, kamar akwai sifika ta uku a wurin alhali babu.

To ni dai in nine kai, na hannun zan bi, amma da sharaɗi, domin kayan hannu sai an buɗe ido. Kar abokinka ya sayo maka a waya, ku bi ta Matamai ku shiga Kano tare, ko ya yarda in bata yi ba a mayar. Ka cire ragar gaban ka duba zoben da ya kewaye bakin. In na soso ne, zafinmu na watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana gama da shi, ka taɓa in yana marmashewa ko yana manne wa yatsa to aiki ne a gabanka, na roba ko na ƙyalle sun fi jure ƙasarmu. Ka buɗe yatsu ka danna bakin a hankali daidai wa daida, ya shiga ya fito sumul, in kaji ƙarr-ƙarr kamar yashi a ciki to waya ta ƙone ko ta goce. Ka sa kunne a kan kowace tiwita ka tabbata tana magana, don ita ce ta farkon mutuwa kuma da yawa a kasuwa an canja ta da wata ta daban, sai kaga ta dama da ta hagu ba iri ɗaya ba. Ka dubi sukurorin ko an taɓa kwance su. Ka kifa ta ka duba gindin, katakon gari ne da aka matse, in ya taɓa shan ruwa yana kumbura kuma baya komawa. In akwai mai gyara kusa ya ɗora mitar awon wuta a kan wayoyin ya auna ohm, wato turjiyar da sifika ke yi wa wuta, mai 6 ohm za ta nuna ƙasa da 6 kaɗan, wajen 4 zuwa 5, wannan daidai ne, abin lura shi ne duka biyun su nuna kusan abu ɗaya.

Ka tafi da kile ɗinka ko wayarka da abinda kunnenka ya saba da shi, karatun da kake ji kullum da kiɗa biyu ko uku. Kar ka bari yaron shago ya zaɓa maka, shi ya san wadda ke ɓoye aibi. Kace ya mayar da bas da tsitsi tsakiya, ka saurara a ƙasa-ƙasa irin yadda zaka ji da asuba iyali na barci, domin sifika mai kyau ko a hankali kana jin kowane harafi. In kana gwada biyu ka daidaita ƙararsu, kunne kullum yana zaɓar wadda tafi ƙara ko da bata fi kyau ba.

Kuɗin kuma kar ka zuba duka a sifika. Ka ware na ampili, mai wat 40 zuwa 80 RMS kowane gefe ya ishe ka har ya yi saura, ka duba bayansa an rubuta yana ɗaukar 6 ohm. Hattara da ampilin hannu da suka fito daga Amurka ko Japan, na Amurka 120 V ne na Japan 100 V, mu kuma 220 muke, ka soka kai tsaye hayaƙi zaka gani. Ka ware na regilatar mai ɗan jinkiri kafin ya saki wuta, kasan halin kuran ɗinmu in ta tafi ta dawo. Waya kuma ta jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5 ko 2.5 mm² ta wadatar, kar wani ya sayar maka da wayar zinare. Ja a ja, baƙi a baƙi, in ka juya ɗaya bas zai gudu. Bluetooth ɗin da ya ja hankalinka kuwa akwai 'yar na'ura mai arha da ake sokawa a bayan kowane ampili. Wani amfanin raba su shi ne ranar da ampili ya mutu sifikunka na nan, ita kuwa mai komai-a-ciki in allonta ya ƙone ba a samu irinsa ba ta zama teburin ajiye fulawa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni matar aure ce a Sabon Gari, ɗakina ciki da salo ne, salon bai fi mita 3 bisa 3 ba. Maigidan ya dage sai ya sayo dogayen nan irin na gidan yayansa. Ni kuma wa'azi da rediyo nake ji, yawanci a ƙasa muke zama kan darduma, ga yara ƙanana biyu. Sun dace da mu?

AMSA: Hajiya lafiya lau, ya yara. Gaskiya basu dace ba, kuma ki nuna wa maigida wannan shafin cikin lalama. Ɗaki 3 bisa 3 bas ɗin doguwa zai cika shi ya rufe magana, sai ku riƙa ƙara murya kuna ƙara rasa abinda malam ke faɗa. Sannan an yi tsayinsu ne don mai zama a kujera, tiwitar tana wajen santimita 90 zuwa mita ɗaya daga ƙasa, daidai kunnensa, ke da ke kan darduma siririn sautin ta saman kanki zai wuce. Ƙanana guda biyu a kan kanta mara tsayi, ko a maƙale a bango an ɗan sunkuyar da su, sun fi muku, ragowar kuɗin a sa labule.

Maganar yara kuma ba wasa bace. Doguwar sifika siririya ce mai nauyi, mai rarrafe in ya kama ta zai miƙe tana iya biyo shi. Ga ɗan ƙoƙon nan na tsakiyar baki, ban san me ke tsakaninsa da yatsan yaro ba amma sai sun lotsa shi, ramin iskar kuma nan ne asusunsu, cokali, murfin kwalba, guntun biskit, daga nan kyankyaso da ɓera su samu gida. In maigidan yaƙi ji ya sayo, to a bar ragar gaban a rufe kullum, a sa su inda kujera ta tare, kuma mai goge ɗaki ta daina kai ruwa gindinsu.

TAMBAYA: Yaya barka. Ni ɗalibi ne a jami'a nan Zinder. Ina da dogaye biyu na gado daga babana, na ƙara wasu biyu na haɗa duka huɗun a ampili ɗaya, in abokai na biki nakan fitar da su tsakar gida. Sau biyu kenan tiwita na ƙonewa kuma ampilin zafi kamar dutsen guga. Ko wat ɗin ampilin ne yayi musu yawa?

AMSA: Ƙanena akasin haka ne, ampilin ne ke shan wahala. In ka haɗa sifika biyu a baki ɗaya, ja da ja baƙi da baƙi, ohm ɗin rabewa yake: 8 da 8 su koma 4, 6 da 6 su koma 3, ampilin gida da yawa kuma basa son ƙasa da 4, wasu ma 6. Ga zafin da kake ji nan. Sannan a tsakar gida babu bangon da zai dawo maka da sauti sai kayi ta murɗawa har ƙarshe, ampili in ya kai iyakarsa yana yanke kan sautin ya fitar da shi a gurɓace, wannan gurɓatar kuma tiwita take faɗawa, ita da wayarta siririya ce kamar gashi. Da zarar kaji sauti ya fara tsagewa ka rage, ko da maɓallin bai kai rabi ba. Ka cire biyun da ka ƙara, ka mayar da na Baba cikin ɗaki, Allah ya jiƙansa in ya rasu in kuma yana raye ya ƙara masa lafiya. Na biki daban suke, masu ƙaho da ragar ƙarfe, haya ake ɗaukarsu, abokan su haɗa kuɗi.

TAMBAYA: Malam ni a wajen Mirriya nake, sola gareni da batir biyu. Zan iya riƙe dogayen sifiku kuwa, ko za su shanye min batir?

AMSA: Za ka iya Alhaji. Ita sifikar bata shan wuta da kanta, ampili ne mai sha. Ka nemi ƙananan nan da ake kira Class D, wajen kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ja sifika take tafiya, saɓanin tsofaffin masu nauyi da kusan rabi ko fiye ke tafiya a zafi. Akwai masu aiki da 12 V ko 24 V kai tsaye daga batir ba sai ka bi ta inbata ba, sai dai a 12 V ƙarfinsu yana raguwa, don haka ka zaɓi sifika mai 90 dB ko sama, ka sa fis a kan wayar batir ɗin. Lokacin hunturu in ba a amfani da su ka lulluɓe sifikun da zane saboda ƙura, ampilin kuma ka bar masa hanyar iska, kar ka ɗora dikoda ko wani abu a kansa.